Darasi: Matafiyi da Bakin Rijiya a Ƙasar Damargu

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya saukar da ruwa daga sama, Ya taskace shi a ƙarƙashin ƙasa domin bayinSa da dabbobinsu. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ya zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi matafiyi da ruwa. Babi ne da yake cikin littattafan da muka ɗauka a zaure tun muna yara, sai dai da yawa daga cikinmu mun karance shi ne a cikin gari, inda famfo ko rijiya take a ƙofar gida, saboda haka muka wuce shi da sauri kamar labarin mutanen da. Alhali kuwa akwai 'yan'uwanmu da waɗannan hukunce-hukunce suke tashi da su kowace safiya. Domin haka muka ga ya kyautu mu ɗauki ƙasar Damargu mu shimfiɗa darasin a kanta.

Ƙasar da mutanenta

Damargu tana arewa da birnin Damagaram, a Jamhuriyar Nijar. A tsarin mulki na yau ta ƙunshi gundumar Tanut da gundumar Balbeji, wadda aka cire daga jikin Tanut a shekarar 2011. Wanda ya bar Damagaram ya nufi Agadas, zai ratsa ta Bakin Birji, inda aka buɗe matatar man fetur a 2011, sa'an nan ya isa Tanut bayan tafiyar kimanin kilomita 150, daga nan ya miƙe zuwa Adarbisnat. Yamma da wannan hanya akwai Gangara da Balbeji da kwarin Tarka. Hausawa da Dagira da Buzaye da Fulani da Larabawa duk suna zaune a cikinta, wasu manoma, wasu makiyaya, wasu kuma sun haɗa biyun.

Tun zamanin da, Damargu zango ce. Ayarin Buzayen Abzin da ya ɗauko kantun gishiri da dabino daga Bilma da Fashi, a nan yake samun geron da zai koma da shi, har aka san ƙasar da cewa ita ce rumbun mutanen arewa. Baturen nan ɗan yawon duniya, Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, tare da ayarin gishiri ya shigo ta, kuma a ƙauyen Tagelel ne ya rabu da ɗaya daga cikin abokan tafiyarsa biyu a watan Janairu na 1851. Amma geron nan duk a kan damina ɗaya gajeruwa yake rataye, wadda ba ta cika wuce wata uku ba. Dattawan ƙasar ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba, lokacin da garke ya ƙare a hannun masu shi, mutane suka watse kudu.

Idan aka gama girbi, tafkuna suka ƙafe, sai rayuwa duka ta koma bakin rijiya. Kafin alfijir ya keto mata da yara sun ɗaura wa jakuna jarkoki sun kama hanya. Rijiyoyin kuwa masu zurfi ne ƙwarai, ba a cika jan su da hannu ba, sai a ɗaura igiyar wasaki ga raƙumi ko takarkari ko jakuna, yaro ya kora su su yi nisa har wasakin ya iso baki, a juye a komi, sa'an nan a dawo da dabbar a sake. Baƙo ba ya bukatar tambayar zurfin rijiya: ya dubi iyakar inda sawun dabbar ya tsaya a kan rairayi. A wannan lokaci ne kuma samari suke fita cin rani, wasu Damagaram da Kano, wasu Agadas da Arlit, wasu har Libiya da Aljeriya. Makiyaya suna gangarowa kudu bayan sun yi damina a arewa. Watau dai mutumin da yake mai masauki yau, shi ne baƙo a ƙofar wani gobe.

Abin da muka gani a hanya

Wata shekara, cikin bazara, mun bar Tanut za mu Balbeji ta'aziyya, a cikin wata buɗaɗɗiyar mota da ta ɗauki mutum fiye da ƙima, ga buhuna ga awaki. Da rana ta take, lagireto ya tafasa, direba ya zuba masa ruwan da ya tanada, muka ƙara gaba kaɗan, motar ta tsaya cik a wurin da babu inuwa sai ta wata aduwa guda. Ruwan da ya rage mana bai fi rabin jarka ba, kuma a cikinmu akwai mace mai goyo da yara biyu.

Da lokacin azahar ya yi, sai wani dattijo, mutumin kirki da carbi a hannu, ya ɗauko buta zai tsiyaya. Yaron mota ya ce masa, "Baba, ka yi haƙuri, ba mu san yaushe za mu tashi daga nan ba." Dattijon ya fusata, ya ce shi tun da ya balaga bai taɓa salla da ƙasa ba, ba kuwa yau zai fara ba. Sai da aka yi ta ba shi baki kafin ya ajiye butar, kuma ya yi taimamar yana ganin kamar ya tauye addininsa.

Bayan la'asar muka bi sawun dabbobi, mu huɗu, muka iske wata rijiya da shanu sun kewaye ta. Muka yi sallama, muka roƙi a cika mana jarka biyu. Samarin da ke jan ruwa suka ce sai shanu sun gama sha, kuma shanun ba su da alamar gamawa kafin dare. Muka ce to a ara mana guga, suka ce igiya ba ta da hutu. Muna cikin haka wani tsoho ya taso daga gindin itace, ya tambayi abin da ake ciki, ya dubi samarin ya ce, "Ku 'ya'yan nan, saniya ce za ta sha mutum yana tsaye?" Ya sa aka juye mana wasaki na gaba, ya haɗa mu da jaki da yaron da zai dawo da shi. Muka ce, "Baba, nawa za mu bayar?" Ya ce mu tafi, mai goyo tana jira.

Wannan tsoho ba mu san ko ya taɓa buɗe littafin fiƙihu ba, amma abin da ya hukunta shi ne abin da ke cikin littafi. Dattijon mota kuwa, da niyyarsa kyakkyawa, ya kusa ya saɓa. Bari mu fara da nasa.

Taimama a lokacin ƙishi

Ayar taimama tana cikin Suratul Ma'ida, aya ta 6, kuma a halin tafiya ta sauka, lokacin da sarƙar wuyan Nana A'isha (R.A.) ta ɓace, rundunar Musulmi ta kwana a wurin da babu ruwa. Malamanmu na mazhabar Imamu Malik sun bayyana cewa ba wanda ya rasa ruwa gaba ɗaya kaɗai ne yake taimama ba. Wanda yake da ruwa a hannu, amma yana tsoron idan ya yi alwala da shi ƙishirwa za ta cuci wani rai mai alfarma da ke tare da shi, to shi ma taimama zai yi. Rai mai alfarma ya haɗa da shi kansa, da abokin tafiyarsa, Musulmi ne ko ba Musulmi ba, har da jakinsa da raƙuminsa. Idan kuwa abin da ake tsoro halaka ce ko cuta mai tsanani, to taimamar ta zama wajibi, alwalar kuma ta zama saɓo. Wanda ya wanke ƙafafunsa da ruwan da jariri yake bukata, bai ƙara tsentseni ba, hukunci ne ya jahilta.

Haka kuma wanda ya iso bakin rijiya amma babu guga babu igiya, ko kuwa ya tabbata kafin layi ya zo kansa lokacin salla zai fita, shi ma yana taimama. Idan aka ba shi kyautar ruwa, lalle ne ya karɓa. Idan sayarwa ake yi a kan farashin da aka saba, yana da kuɗin kuma ba ya bukatarsu domin guzuri, lalle ne ya saya. Amma ba a ɗora masa sayen ruwan alwala da tsadar da ta wuce al'ada ba. Wanda ya fid da rai da samun ruwa ya yi salla a farkon lokaci, mai kokwanto a tsakiya, mai kyakkyawan zato ya jinkirta zuwa ƙarshen zaɓaɓɓen lokaci. Kuma taimama ɗaya farilla ɗaya take ɗauka. Ruwan tafki da laka ta jirkita launinsa yana tsarkakewa, domin daga mazauninsa jirkitar ta zo, kada wani ya bar shi ya yi taimama don ya ga ya yi ja.

Ƙasaru a taƙaice

Tun da muna kan hanya, sai mu taɓo ƙasaru, wadda asalinta yake a Suratun Nisa'i, aya ta 101. A wurin malamanmu sunna ce mai ƙarfi ga wanda ya yi nufin tafiyar halal ta mil 48, zuwa kaɗai ban da dawowa, abin da aka ƙiyasta da kimanin kilomita 80 ko sama da haka kaɗan. Saboda haka mai zuwa Tanut daga Damagaram yana ƙasaru, mai tsayawa Bakin Birji ba ya yi. Ana farawa bayan an wuce gidajen gari, mai zaman ruga ko tanti kuwa bayan ya wuce zangon mutanensa, kuma niyyar zaman kwana huɗu cikakku tana yanke ta.

Akwai mas'ala guda da makiyaya suke yawan tambaya. Wanda ya fita da dabbobi neman ciyawa, inda duk ya same ta zai sauka, ba ya ƙasaru ko da ya yi wata yana yawo, sai fa idan ya san ba zai samu ba kafin ya cinye waccan tazara. Amma haɗa azahar da la'asar, ko magariba da lisha, an yi rangwamensa ga matafiyin tudu ko da tafiyar ba ta kai ta ƙasaru ba. Da fasinjoji sun san wannan, da an rage rigimar da ake yi da direbobi.

Haƙƙin matafiyi a bakin rijiya

To, yanzu ga inda muka fi son mu daɗe. Ya tabbata a cikin ingantattun hadisai cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya hana a hana rarar ruwa domin a hana ciyawa da shi. Ya kuma ambaci mutumin da yake da rarar ruwa a kan hanya ya hana matafiyi, a cikin mutum uku da Allah ba zai dube su da rahama ba ranar Alƙiyama. Wanda bai san daji ba zai yi mamakin abin da ya haɗa ruwa da ciyawa. Mutumin Damargu ba zai yi ba. Da rani saniya ba ta iya nisa da ruwa fiye da tafiyar da za ta je ta dawo cikin kwana ɗaya ko biyu. Duk wanda ya riƙe rijiya, ya riƙe makiyayar da ke kewaye da ita baki ɗaya, ko da bai kafa shinge ko ɗaya ba. Ciyawar daji ta Allah ce, kowa yana da rabo a cikinta, amma mai rijiya yana iya mallake ta ta bayan gida, da kalma ɗaya: babu ruwa. Wannan ƙofa ce hadisin ya toshe.

Daga nan malamai suka rarrabe ruwa. Ruwan da mutum ya ɗebo ya zuba a jarkarsa ko randarsa, da rijiyar da ya haƙa a cikin gidansa ko gonarsa, mallakarsa ne, yana da ikon sayarwa, yana da ikon hanawa. Saboda haka masu amalanken da ke ɗebo ruwa daga nesa su sayar a cikin gari, sana'arsu halal ce, wahalarsu suke ci. Iyakar wannan iko ita ce ran ɗan Adam: idan wanda ake tsoron halakarsa ya zo, wajibi ne a ba shi, in ba shi da kuɗi a ba shi kyauta.

Rijiyar dabbobi da aka haƙa a daji, a ƙasar da ba mallakar kowa ba, hukuncinta daban ne. Risala ta Ibn Abi Zaid ta nuna cewa masu ita su suka fi cancanta har su shayar, bayan haka sauran mutane daidai suke a cikin abin da ya rage. Muhtasar na Shaihu Halil da masu sharhinsa suka ƙara tsara layin. Mai rijiya ya fara sha da bakinsa, sa'an nan matafiyi, sa'an nan mazaunin wurin. Bayan mutane sun ƙoshi sai abin hawan mai rijiya, sai na matafiyi, sai na mazauni. Garke shi ne a ƙarshe, a kan wannan jeri. An gabatar da matafiyi a kan mazauni saboda shi tafiya tana jiransa, mazauni kuwa yana nan. Har ma an ba matafiyi haƙƙin a ara masa guga da igiya da komi, domin ba a kallafa masa yawo da su ba. A duba da kyau: a cikin wannan tsari babu inda saniyar mai rijiya ta riga baƙo kai baki. Abin da tsohon nan ya faɗa wa 'ya'yansa ke nan.

Amana ce mu faɗi sauran maganar. Malaman sun ce idan mai haƙa rijiyar ya bayyana tun lokacin haƙa, a gaban shaidu, cewa mallaka yake nufi ba sadaka ga jama'a ba, to tana komawa hukuncin mallaka. Wasu masu hali da suka tara garke suna fakewa da irin wannan, su haƙa rijiya a tsakiyar makiyaya, ko su saye ta, su ɗora mai gadi, ƙaramin makiyayi ya zo da 'yan awakinsa a ce masa ya biya abin da ba shi da shi ko ya yi gaba. Mu a ganinmu wannan fakewa ba ta kuɓutar da su. Sharaɗin malamai ya yi magana ne a kan mallakar ruwa, bai halatta a mai da rijiya makullin ciyawa ba, wanda shi ne ainihin abin da aka hana. Kuma ko a mallaka tsantsa, malamanmu sun ɗora lamuni a kan wanda ya hana mabukaci rarar abin sha har ya mutu, watau diyya tana hawa. Ga kuma dokar ƙasa: tun 1961 Nijar ta shata iyakar noma ta arewa, ta bar abin da ke bayanta domin kiwo; dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun ba makiyayan da suka saba zama a wuri fifiko a kan ruwansa da ciyawarsa, amma ba su ba su ikon korar wasu ba. Fifiko ban da kora, shi ne dai abin da Risala ta riga ta faɗa.

Kada wani ya ɗauka mutuwar ƙishirwa tatsuniya ce. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamadar arewacin Arlit, bayan motocinsu sun lalace a hanyar Aljeriya. Mafi yawansu mata ne da ƙananan yara, kuma da yawansu daga kudancin jihar Damagaram suka fito. Wannan ya isa ya sa kowane direba ya san cewa ruwan da yake ɗauka na fasinja amana ne a wuyansa, ba wurin da za a rage a ƙara buhu ba ne. Wanda kuma ya wuce mota a lalace a daji bai tsaya ya tambayi ko suna da ruwa ba, ya binciki kansa.

Magabata sun fahimci girman wannan babi. Sayyidina Usmanu ɗan Affan (R.A.) ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar ta wakafi ga Musulmi, gugansa kamar gugan kowa. Zubaida matar Halifa Haruna Rashid ta gina rijiyoyi da matattarar ruwa a hanyar alhazai daga Kufa zuwa Makka, har yau hanyar da sunanta ake kiranta. A nan za mu ɗan yi wa masu hannu da shuni tuni, ba da nufin zargi ba: unguwa guda a birni tana iya samun masallaci uku suna jin kiran sallar juna, alhali ƙauyen da mai ginin ya fito mata suna kwana a layin rijiya guda.

Abin da ke kan baƙo

Shi ma baƙo da nasa. Haƙƙin da shari'a ta ba shi bai ɗauke masa ladabi ba. Ya yi sallama, ya nemi mai rijiya ko wakilinsa, ya faɗi yawan dabbobinsa da kwanakin da yake nufin yi, kada ya ce biyu ya yi goma. Al'adar makiyaya ta neman izini kafin shayarwa al'ada ce mai kyau, shari'a ba ta rushe ta ba. Idan a garkensa akwai cuta, ya bayyana, ya shayar a gefe a komi daban, domin ɓoye ta cutarwa ce. Kada ya yi wanka ko wanki a inda ruwan zai koma ciki. Idan ya daɗe har aka tashi yasar rijiya ko gyaran bakinta ko sayen sabuwar igiya, ya sa hannunsa ko aljihunsa, tun da igiya tana cinyewa kuma da kuɗi aka saye ta. Idan ruwan ya gaza, bai isa kowa ba, ba a cewa mai rijiya ya kashe garkensa domin garken baƙo. A nan sai a shayar da mutane duka tukuna, sa'an nan a dubi wanda wahala ta fi tsananta a kansa, baƙon da yake da ƙarfin isa rijiya ta gaba ya ɗaure kayansa.

Rijiyoyin siminti da na burtsatse da hukuma ko ƙungiyoyin taimako suka gina, waɗannan na jama'a ne. Kuɗin da kwamiti yake karɓa domin man inji da gyara ya halatta, muddin an san adadinsa kuma yana tafiya inda aka ce. Ɗan kwamitin da ya sa ɗan'uwansa gaba ya mai da baƙo baya, ko ya yi wa baƙo farashi daban saboda yarensa, ya ci amanar da aka damƙa masa, kuma limamin garin yana da haƙƙin ya faɗa masa haka.

A fitowa ta gaba, in Allah Ya yarda, za mu ɗauko mas'alar burtali da ɓarnar dabbobi a gona, da bambancin da malamai suka yi tsakanin ɓarnar dare da ta rana. Wallahu a'alamu.